Tagar Sama a Ɗakin Malama

Zuwa ga Yayana na kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ce mai yawa daga ƙanwarka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a neman da kake yi, ya tsare mana kai a inda kake, ya raya yaran nan a kan tarbiyya. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma zagaya tsakar gida tana yi wa tukwanen furanninta faɗa kamar masu kunne. Baban yara yana nan yana fama, ya ƙara ƙiba, amma ya dage wai ni ce nake rage masa riguna a ɓoye. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, ƙaramar kuwa haƙoranta biyu na gaba sun fita, in ta yi dariya sai ka ce an bar ƙofar shago a buɗe. Ɗinki kuma yana tafiya daidai gwargwado.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya kamar kullum. Na ɗauki wayar ya fi sau biyar ina ajiyewa. Kai a waya ka cika katse mutum da tambaya tun bai kai tsakiyar zance ba, halinka ne tun muna yara, ni kuma maganar nan ina so ta iso maka a jere. Shi ya sa yau na rufe shago tun la'asar, na share teburin yanka, na zauna da biro. Rana tana shigowa ta taga ta kwanta a kan ƙyallaye, ƙurar zare tana yawo a cikin hasken a hankali, ni ma haka tunanina yake yi kwanakin nan. Ka daure ka karanta har ƙarshe. Maganar Baba ce, da inshorar nan da ka matsa masa ya yi shekara huɗu da suka wuce, wadda kake sabunta masa duk shekara.

Ka tuna Malamarku ta aji huɗu, mai doguwar sandar nan da ba ta taɓa dukan kowa da ita ba sai nuna taswira? Tana nan da ranta a gidanta mai koren ƙyaure, a ƙarshen layin bayan makaranta, sai dai shekara biyu ke nan ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Daga gado sai kujera mai taya, 'yarta ce take kula da ita. Wata uku da suka wuce ta aika aka kira mata Baba. Ta ce masa shekara talatin ta yi tana koya wa yara yadda gajimare yake haɗuwa da yadda ruwa yake sauka, yau ga ta kwance ba abin da take gani sai farin sili, tagar ɗakin kuma bangon maƙwabci take kallo. Ta ce so take ya buɗe mata taga a rufin ɗaki, daidai saitin gadonta, ya sa gilashi, don ta riƙa ganin sama tana kwance. 'Yarta ta so ta hana, ta ce ɓarnar kuɗi ce, Malama ta ce ai ba ta taɓa jin wanda ya tafi lahira da sili ba.

Yaya, da ka ga Baba a kwanakin nan da ka yi mamaki. Ka san shekarun baya aikin ya koma masa gyaran ƙofa da canza kwanon da ya yi tsatsa, manyan ayyuka sun koma hannun masu injuna. Sai ga shi ya dawo gida yana waƙe-waƙe a ƙasan maƙoshi. Ya fito da tsohon bencinsa tsakar gida, ya fere katakon da hannunsa, ƙamshin nan na sabon katako ya cika gidan, har na tsaya a ƙofa na rufe ido, na ji kamar in na buɗe zan gan ka da gajeren wando kana tattara ɓawon katako kana yi mini gashin doki da shi. Dogo mai gilashi, abokinsa na tun ƙuruciya, shi ya yanka masa gilashi huɗu masu kauri. Sati uku suka yi. Ranar da aka gama na je gani. Na shiga ɗakin na tarar da Malama kwance, haske ya sauko mata a kan bargo kamar an shimfiɗa wani mayafi, sama kuma ga ta nan a cikin ɗaki, shuɗiya, an yanka ta gida huɗu. Wani farin gajimare ya shigo ta gilashin farko, ya ratsa na biyu, ya fita abinsa bai yi wa kowa sallama ba. Muka tsaya mu duka muna kallo. Malama ta ce a ranar ta fara ganin cikin tsuntsu yana tashi, duk rayuwarta bayansa da gefensa ta sani. Baba yana tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu, bai ɗaga kai ya kalli saman ba ko sau ɗaya. A lokacin na ɗauka kunya ce irin tasa in ana yabonsa.

Sati biyu bayan nan aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da rana tsaka, a ranar da 'yar Malama ta kai ta asibiti ganin likita. Da suka dawo suka tarar ruwa ya bi ta gefen tagar ya taru a cikin silin, har wani ɓangare ya jiƙe ya rufto. Katifa ta sha ruwa, fentin bango ya kumbura, kantar littattafan da ke kusa da gado ta jiƙe daga sama har ƙasa. Allah ya kiyaye ba ta kan gadon, don inda silin ya faɗo daidai inda take sa kai ne. Da labari ya iso, Baba yana shan shayi, ya ajiye kofin a hankali ya tashi ya fita ko takalmi bai sa daidai ba. Ni kuwa abin da ya fara zo mini shi ne, alhamdu lillahi, Yaya ya yi mana rigakafi, akwai inshora. Haka na yi ta faɗa wa Umma, haka na faɗa wa 'yar Malama, da ƙarfin gwiwata.

Bayan kwana uku kamfanin ya turo mai duba ɓarna, wani mutum mai sanyin murya da jaka a kafaɗa. Na raka Baba. Mutumin ya ɗauki hotuna, ya taɓa bango, ya hau tsani ya leƙa ya sauko, sannan ya nemi mu zauna a falo. Ya yi mana bayani dalla-dalla, ba tare da wulaƙanci ba, gaskiya ba zan ɗora masa laifi ba. Ya ce inshorar da Baba yake da ita ta ɗaukar alhaki ce, wato idan aikinsa ya jawo wa wani ɓarna a dukiyarsa ko rauni a jikinsa, su ne za su tsaya. Saboda haka katifa, da silin da wani ma'aikaci daban ya yi tun da can, da fenti, da kanta, da duk littafin da ake iya samun irinsa a kasuwa, za su biya. Amma tagar kanta, da katakon da Baba ya fere, da gilashi biyu da suka tsage da katakon ya kumbura, da danƙon liƙi, da wahalar sake aikin, ba sa ciki, domin aikin hannunsa ne kuma daga cikinsa kuskuren ya fito. Ya ce a gefen arewa na tagar akwai wuri kamar taƙi ɗaya da ba a sa danƙo ba sam, kuma ƙusoshi biyu sun bi gefe ba su shiga katako ba. Ya ce su ba sa tsaya wa ingancin aiki, abin da aikin ya ɓata suke tsaya wa, in ba haka ba da mai aikin kirki da mai aikin ha'inci sun zama ɗaya. Raina ya ɓaci, na ce masa to amfanin me aka yi shekara huɗu ana biya. Ya ce in dubi inda silin ya faɗo in tuna kan wa zai faɗa.

Daga nan ya buɗe takardar yarjejeniyar, ya nuna wani sakin layi da yatsa, ya miƙa wa Baba ya ce ya karanta da kansa don ya tabbatar ba ƙirƙira ya yi ba. Baba ya karɓa. Ya kai ta nesa, ya dawo da ita kusa da hanci, ya karkata ta wajen taga. Sannan ya miƙo mini yana murmushi, ya ce in karanta, wai muryata ta fi tasa daɗi. Yaya, takardar a juye ya miƙo mini ita, kanta a ƙasa. Na karanta sakin layin da ƙarfi har ƙarshe, amma ko kalma ɗaya ban san na karanta ba, don a lokacin ne abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya: yadda ya daina tuƙi ya ce wai mai ya yi tsada, yadda yake kiran babbar 'yata da sunan ƙaramar sai ta yi magana, yadda bai ɗaga kai ya kalli tagar ba ranar da kowa yake kallo.

Da muka koma gida na ja Umma ɗaki na tambaye ta. Ta daɗe tana gyara bakin zanenta kafin ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce shekara biyu ke nan tana ajiye masa kofi da takalmi da carbi a wuri ɗaya kullum don kada ya laluba a gaban mutane, kuma ya sa ta yi alkawarin ba za ta gaya mana ba, musamman kai, don ya san za ka ce ya ajiye aiki. Ta ce wani hazo ne ya sauko masa a ido a hankali, kamar mai kallon duniya ta bayan labule. Baƙin danƙo a kan baƙin fenti, a kan rufi, da rana tana dukan gilashi, ina zai gani? Da hannu ya yi aikin nan duka, da yatsa da tunani, taƙi ɗaya ne kawai ya kuɓuce masa. Ban sani ba ko kuka zan yi ko alfahari.

Washegari ina shago ina warware wata riga da na karkata mata wuya, sai maganar mutumin inshoran nan ta zauna mini daram. Idan dutsen gugata ya ƙona mayafin da mai kaya ta ajiye a kan kujera, wannan tsautsayi ne, ana iya neman wanda zai taya ni ɗauka. Amma wuyan da na karkata da hannuna, wa zan kai wa? Ni zan zauna da reza in warware in sake. Da na gaya wa Baba haka sai ya yi dariya, karo na farko tun ranar ruwan, ya ce shi ai tun kafin mutumin ya buɗe baki ya sani, kuma ko da sun ce za su biya a kira wani ya gyara, ba zai yarda wani ya taɓa tagar nan ba. Ya hana ni gaya maka a lokacin, ya ce za ka turo kuɗi, shi kuma wannan nasa ne. Ya sayar da tsohon injin zarton da ya daɗe a ajiye, ya sayi gilashi biyu da sabon katako da danƙo. Wannan karon farin danƙo ya saya.

Akwai abin da inshora ba ta da farashinsa. A kantar nan akwai littattafan rubutu guda tara da Malama ta ajiye, inda duk shekara take rubuta sunan kowane ɗalibi da abin da ya ce zai zama in ya girma. Na kwaso su na kai shago. Kwana huɗu ina bin su shafi shafi, in sa farin ƙyalle in ɗora dutsen guga mai ɗumi kaɗan, tururi yana tashi da warin tsohuwar takarda. Tawada ta narke a wurare da yawa ta zama shuɗin gajimare, sai ka ga suna a tsaye, burin kuma ya bi ruwa. Wasu sun tsira: mai son tuƙa jirgi, mai son zama likitan shanu, wata da ta ce ita so take ta zama mai sayar da balan-balan don kullum tana cikin biki. Ina gugar ina tunanin ina duk suke yanzu, wa ya samu, wa ya manta ya taɓa faɗa. Na ga sunanka a littafi na shida, layi na goma sha ɗaya, amma abin da ke gabansa ya wanke, saura harafi ɗaya da ban gane ba. Malama ta ce in tambaye ka, in ka tuna ka rubuto, za ta sake rubuta shi da hannunta. Ta ce kuma kada ka yi mata ƙarya ka rubuto aikin da kake yi yanzu, ta san ba shi ba ne.

Ranar Asabar da ta wuce muka sake aikin. Na ce muka, domin na ce wa Baba ba zai hau rufin nan ba sai da ni, in ya ƙi kuma in kira ka a gabansa. Ya ce mace mai 'ya'ya biyu da tsoron ƙadangare me za ta yi a kan rufi. Na ce ido zan kai masa. Sai ya ce in nemo takalmi mai kama ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, daga nan bai ƙara ɓoye mini ba. Da sassafe muka hau, Dogo yana riƙe da tsani yana ta salati a madadina. Yaya, shekara arba'in ina garin nan ban san haka yake ta sama ba. Rufin gidaje a jere kamar an shanya ƙyallaye, tankunan ruwa, shanyar mutane tana kaɗawa, hayaniyar titi tana isowa can ƙasa-ƙasa kamar daga wani gari. Na ce a raina, ashe nan Baba yake zuwa kullum tun muna yara, mu muna ƙasa muna jiran ya dawo da ƙura a gashi. Ya durƙusa yana jan danƙo, ni ina gefensa ina cewa dama kaɗan, nan bai cika ba, koma baya yatsa biyu. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Layin da yake ja ya fi ɗinkina miƙewa. Duk ƙusar da zai buga sai ya kama yatsana ya ɗora a wurin, in ce masa tana tsakiyar katako, sannan ya ce in janye hannu. A wani wuri na ce ya yi, ya shafa da babban yatsa ya ce bai yi ba, na sunkuya na duba da kyau, ashe shi ne da gaskiya.

Bayan kwana biyu da danƙon ya bushe, muka koma gwaji. Baba ya ce ba zai jira ruwan sama ya ba shi labari ba. Dogo ya ja mesa ya hau da ita, ni na shiga ɗaki. Malama ta ƙi a fitar da ita, ta ce a mayar da ita kan sabuwar katifarta daidai ƙarƙashin tagar, in zai zuba ya zuba a kanta, ita ta yarda da mai aikinta. Aka saki ruwa. Ya bazu a kan gilashin yana gangarawa, hasken rana yana ratsa shi, sai ɗakin gaba ɗaya ya kama rawa, bango da bargo da fuskar Malama duk inuwar ruwa tana wasa a kansu, kamar muna zaune a ƙarƙashin kogi muna numfashi. Rabin awa ana zubawa. Na bi kusurwa huɗu da busasshen ƙyalle, ko danshi babu. Na leƙa ta ƙofa na ɗaga murya na ce bai zuba ba. Baba yana tsaye a tsakar gida, ya ce in sake faɗa, na sake. Da ya shigo, Malama ta ce masa ta ji labarin idonsa daga 'yarta, kuma ita a aji ba ta taɓa ba wa yaro sifili don ya yi kuskure ba, sai in ya ƙi gyarawa. Ta ce saura gyara ɗaya ya rage masa, kuma ba a kan rufi yake ba.

To, maganar da ta sa na rubuto ke nan. Jiya na kai shi asibitin ido. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idon biyu, kuma irin wadda ake cirewa ce, in Allah ya yarda zai gani tar. An sa ranar aikin idon dama sati na biyu na watan jibi, na hagu kuma bayan ya warke. Baba ya ce in gaya maka kada ka yi fushi da mutanen inshora, kuma kada ka daina sabuntawa, sun yi abin da suka yi alkawari, takarda ba ta taɓa cewa za ta zama masa ido ba. Ni kuma ina roƙonka, in ka kira shi, kada ka ce masa me ya sa bai faɗa ba, Umma da ni mun riga mun yi masa wannan har ya ishe shi. A hanyarmu ta dawowa ya tambaye ni ko gaskiya ne kwana ɗaya ake yi da bandeji sannan a cire, na ce haka likita ya ce. Da muka kusa gida sai ya ce shi ba ya son abin da zai fara gani ya zama silin asibiti, don ya san sai ya gano masa aibi ransa ya ɓaci. Ya ce shekara shida rabon da ya sa ka a ido, hotonka da ke falo kuma ya daɗe da zama masa inuwa. Bai ce in ce ka zo ba, ka san shi, ba zai taɓa faɗa ba. Ni ce nake faɗa. Ka nemi hutu tun yanzu, ko na sati ɗaya ne, zumunta a ƙafa take.

Ka gaishe mini da Antina da kyau, ka ce mata rigar da na yi mata alkawari tana nan na yanka, ta turo awon hannu. Ka shafa mini kan 'yan biyu, da Auta mai rigima, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Ka gai da Kawu Ƙarami in kun haɗu, da maƙwabcinka mai yawan barkwanci da ya taɓa amsa mini waya. Umma tana gaishe ku tana sa albarka, Baban yara da 'yan matana suna gaisuwa, Dogo ma ya ce in sa sunansa. Baba yana gaishe ka, ya ce Allah ya yi maka albarka. Allah ya sada mu da alheri, ya kawo ka lafiya kafin a cire bandejin nan.

Wassalam.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai keken ɗinki